Gishirin Hidaya

Gishiri aka aiki Garzali ya sayo, ranar wata Juma'a da yamma liƙis, rana ta yi ja tana shirin faɗuwa bayan gadar Wudil. Karo na uku ke nan a mako guda. Ya tsaya a shagon Ƙasimu ya yi sallama, Ƙasimu ya amsa yana dariya tun kafin a faɗi abin da ake so.

"Injiniya, yau ma gishirin ne? Wai miya ake yi da shi a gidan naka ko tuwo?"

Garzali ya miƙa kuɗi. Ya karɓi ledar, ya huda ta da farce nan gaban shagon, ya ɗanɗana. Gishiri zau, har maƙogwaro. Ya ƙulle bakin ledar, ya cusa a aljihu, ya dafe da hannu kamar wanda ke tsoron a fizge masa.

Duk Wudil an san Garzali da abu biyu. Na farko haɗa sola, wanda shi ne abincinsa. Na biyu tankin gilashi, wanda shi ne abin dariyar unguwa. Mutanen Wudil kuwa ba su raga wa kowa. Gari ga kogi, ga tarwaɗa da karfasa kamar a ba ka kyauta, amma a ce mutum da hankalinsa ya aika har Legas a kawo masa kifin da bai kai ɗan yatsa ba, wanda ba a soyawa, ba a miya da shi? Sun yi ta yi da shi a majalisa har suka gaji.

Shi dai ya san dalilinsa. 'Yarsa ɗaya, Hidaya, shekararta takwas, tana da sikila, kuma kwanakin da ta yi a kwance sun fi waɗanda ta yi a tsakar gida. Wata rana ciwon ya tashi tana ta murƙususu, ya rasa abin yi, sai ya nuna mata bidiyon wani tankin ruwan teku da ya gani a gidan da ya je aiki a Kano. Yarinyar ta yi shiru. Awa guda cur tana kallo ba ta ce wash ba. Tun daga ranar Garzali ya ɗaura ɗamara.

Tankin bai da girma, lita sittin ne, a kan teburi kusa da gadonta. Amma hidimarsa ta fi ta jariri. Ruwa sai wanda aka tace tas, a dama masa gishirin teku na musamman da ake sayarwa a buhu. Famfo na kaɗa ruwan dare da rana, fanka biyu na hura masa iska saboda zafin bazara, duk a kan batirin sola. Ciki akwai kifi biyu ruwan lemo masu farar ɗamara, Hidaya ta sa musu suna Alhaji da Hajiya, da 'yan dunƙulen murjani mai rai da ke buɗe yatsunsa idan an kunna shuɗiyar fitila. Kullum da safe Garzali zai tsoma yatsa ya ɗanɗana, sannan ya ɗiga ruwan a kan ma'auni, wani ɗan bututu da ake leƙawa da ido ɗaya. Layi ya tsaya a kan talatin da biyar, shi ke nan lafiya lau.

Doka biyu masu wannan harka suka koya masa. Ta farko, zafi yana kwashe ruwa amma ba ya kwashe gishiri, don haka gishirin tanki hawa yake yi kullum, ba ya sauka. Ta biyu, duk dutsen da aka ɗebo daga teku, ba a sa shi a tanki ranar da ya zo. Sai ya yi mako huɗu shi kaɗai a bokiti, a rufe, a ga abin da zai fito daga ramukansa. Dutsen teku ba ya zuwa shi kaɗai.

Dokar nan ta biyu Garzali ya karya.

Yahuza, direban tirelar shanu da ke zirga-zirga tsakanin Kara, kasuwar shanun Wudil, da Legas, shi ya kawo masa dutsen, a naɗe cikin jiƙaƙƙen buhu. Bai fi kan rago ba, baƙi-baƙi da ɗigon shunayya, duk jikinsa ramuka, ga wani babban rami guda a gindinsa kamar ƙofar ɗaki. Ranar ce kuwa aka sallamo Hidaya daga asibiti bayan kwana tara. Ta ga dutsen, idonta ya yi haske.

"Abba, ka sa musu yau. Alhaji da Hajiya ba su da ɗaki."

"Sai ya yi wata guda a bokiti, Hidaya."

"Wata guda?" Ta dubi hannunta inda aka cire allura. "To idan an mayar da ni kafin nan fa?"

Wane uba ne zai ji wannan ya tsaya lissafin makonni? Ya naɗe hannun riga ya sa dutsen.

Kwana biyu bayan haka aka fara jin ƙarar. Daidai magariba take zuwa. Ƙas. Shiru. Ƙas. Kamar ana ƙyasta farce a jikin gilashi. Ya tambayi 'yan uwansa masu tanki a waya, suka ce ya kwantar da hankalinsa, wani ɗan jatan lande ne da kan ɓuya a dutse. Ya kwantar. Sai da ya leƙa ma'auni ya ga layi a kan talatin da ɗaya. Ya goge, ya sake ɗigawa. Talatin da ɗaya. Ya duba ko tankin na yoyo, babu ko danshi. Ya dama gishiri ya ƙara, washegari ya tarar da ashirin da bakwai. Buhun da kan yi masa wata huɗu ya ƙare a kwana shida. Murjani ya rufe yatsunsa ya fara fari. Alhaji da Hajiya suka maƙale a kusurwa guda, can nesa da ɗakin da aka yi dominsu.

Sannan abin ya fito daga tanki ya shiga tukunya. Suwaiba, matarsa, wadda ko maƙwabta sun san hannunta a miya, ta fara kawo miyar kuka lami kamar ruwan wanka. Ta rantse ta sa gishiri. Ta sa a gabansa, cokali biyu, uku, ta juya, ta ɗanɗana, ta zauna a kan turmi tana hawaye. Gishirin da ke cikin gwangwani kuwa, idan ya kwana a gidan, da safe sai ka ji shi a baki kamar yashi.

Daga tukunya ya shiga yarinya. Hidaya ta fara barcin da ba na gajiya ba, ta daina gane rana, wani lokaci ta kira uwarta da sunan kakarta. Likita ya auna jininta ya ce gishirin jikinta ne ya yi ƙasa ƙwarai, aka ɗaura mata ruwa, ta warware, ta ci abinci. Suka dawo gida. Kwana biyu ta koma yadda take. Sau biyu ana haka. A karo na biyu likitan ya ja Garzali gefe ya ce masa, cikin ƙaramar murya, idan ya sake faɗuwa irin wannan faɗuwar, ba ya jin jikin nan zai ɗauka.

Da wannan maganar a ƙirji Garzali ya shigo layinsu ranar Juma'ar nan, hannunsa dafe da aljihu.

Tun daga zaure ya ji warin. Ba warin kifin kogi ba ne, wannan ya san shi tun yana goye. Wani ƙarni ne mai sanyi, mai nauyi, irin wanda ya taɓa shaƙa sau ɗaya a rayuwarsa, a bakin teku. Suwaiba na bayan gida tana alwala, yana jin ƙarar buta. Kajin da kan cika tsakar gida da surutu a wannan lokacin duk sun dunƙule a jikin katanga, ba mai motsi.

Ƙas.

Ya ɗaga labulen ɗakin.

Shuɗiyar fitila ce kawai ke ci. Famfo ya tsaya, alhali batiri cike yake. Hidaya, wadda tun safe ba ta iya ɗaga kai ba, tana tsaye a kan kujera, hannunta na dama cikin tanki har gwiwar hannu. Idonta a buɗe, amma ba shi take kallo ba.

"Hidaya," ya ce a hankali. "Cire hannunki."

"Abba, yi shiru," ta raɗa. "Tana sha."

Ya matsa taku ɗaya. Ya sunkuya ya duba ta gilashi.

Daga babban ramin dutsen nan wani hannu ya fito. Siriri ne, fari-fari, duk ya yamutse kamar hannun wadda ta wuni tana wanki. Yatsun sun yi tsawo fiye da kima, gaɓoɓinsu sun fi uku. Sun naɗe wuyan hannun yarinyar sau biyu. Farce ɗaya yana taɓa gilashi.

Ƙas.

Garzali bai san lokacin da ya yi a'uzubillahi da ƙarfi ba. Ya rungumo yarinyar ya fizge. Abin ya riƙe na ɗan lokaci, sannan ya saki, ya zame ya koma rami kamar an ja zare. Suka faɗi tare a kan tabarma. A wuyan hannunta akwai farin zobe biyu, bushe ƙayau.

"Ba muguwa ba ce," Hidaya ta ce, muryarta na tafiya. "Gida take so. Ta ce ruwanmu ba ya ƙosar da ita."

Hawaye ɗaya ya gangaro mata. Garzali ya share da babban yatsa, kuma da yake hannunsa ya saba, sai ya kai baki.

Ruwa ne zalla. Ko alamar gishiri babu.

Wani tsoro ya kama shi wanda ya fi na hannun da ya gani. Suwaiba ta shigo da gudu, ruwan alwala na ɗiga daga fuskarta.

"Abban Hidaya, mene ne? Me ya same ta?"

"Ɗauke ta. Ki kai ta gidan Inna, yanzu. Kada ki tsaya ɗaukar komai."

"Kai fa?"

Garzali ya juya kan tankin. Ya jawo bokitin fenti da yake dama ruwa a ciki, ya kamfaci ruwan tankin ya zuba, ya ɗauko muciya da babban ludayi ya tallafo dutsen, don ko giwa za a ba shi ba zai sa hannu ba. Dutsen da ya ɗauka da hannu ɗaya ranar da ya zo, yau sai da ya yi nishi. Ya danna murfi, ya ɗaure da robar babur, ya ɗora a kan tankin man babur ɗinsa tsakanin cinyoyinsa, ya tayar.

Kogi ya nufa. Tunaninsa ɗaya ne, kuma tun firamare yake ɗauke da shi: kowane kogi teku yake tafiya. In gida take so, ga hanya. Ya sake ta ta bi ruwa.

Ya sauka ta gangaren da masu ɗiban yashi ke bi. Bakin kogin ya watse, kamar yadda ya saba idan magariba ta kawo kai. Masu wanki sun naɗe, masu wankin mota sun tafi. Sama a kan gada tireloli na wucewa suna girgiza ƙarfe, daga Kara kuma ana jiyo kukan shanun da ake lodawa. Can gefe wani tsoho shi kaɗai yana jan kwale-kwalensa kan yashi. Garzali bai ko kalle shi ba.

Ya kwance roba. Ya rungumi bokiti ya shiga ruwa. Idon sawu. Ƙwauri. Gwiwa.

Aka fara kiran salla a masallacin bakin kasuwa.

Ya cire murfi, ya karkata bokitin. Ruwan kogi ya kwararo ciki ta baki.

"Kai! Ɗan nan! Tsaya!"

Tsohon ne, yana tahowa da gudun da bai dace da shekarunsa ba. Baba Ɗantani, masuncin da duk garin ya sani, wanda aka ce ya fi sanin ƙasan kogin nan fiye da tsakar gidansa. Ya tsaya a bakin ruwa yana shaƙar iska, fuskarsa ta canza.

"Wannan ƙarnin ba na nan ba ne. Me ka ɗauko mana?"

"Baba, ta teku ce. Sakinta zan yi ta koma gida."

"Wane teku?" Muryar tsohon ta koma raɗa. "Ruwan nan gabas yake yi. Haɗeja, Gashuwa, ya je ya ƙare a tafkin Cadi. Shekara sittin ina kansa, bai taɓa ganin teku ba. Ɗaga bokitin nan!"

Ya ɗaga. Amma ruwan daɗi na kogi ya riga ya shiga.

Kwaɗin da suka fara kuka suka yi tsit a lokaci guda.

Ruwan cikin bokitin ya fara tafasa ba wuta. Wani sauti ya fito daga ciki, siriri, mai tsini, kamar an ja ƙusa a kan kwano, har haƙoran Garzali suka yi tsami. Ruwan kogin da ke kewaye da ƙafafunsa ya ja baya. Ya ja baya sosai, ya bar shi tsaye a kan laka, ruwa ya yi masa zobe kamar yana ƙyamar abin da yake riƙe da shi.

"Ruwan daɗi ƙona ta yake yi," Baba Ɗantani ya ce daga bayansa. "Mutanen ruwan nan ba za su karɓe ta ba. In ta fito, da ƙishirwa za ta fito. Gida nawa ta sani a garin nan?"

Gida ɗaya.

Yatsu suka kama bakin bokiti.

Wasu yatsun suka kama ɗaya gefen.

Sannan kai ya fara tasowa. Kai ne da bai kamata ya shiga bokitin fenti ba, balle ramin dutse. Gashi dogo, kore-kore, yana zubar da ruwa. Fata ta yi bororo inda ruwan kogi ya taɓa. Idanu manya, zagaye, ba fatar ido, ba sa ƙiftawa.

Ba shi ta kalla ba.

Ta juya a hankali ta fuskanci gari. Ba ma gidansa ba. Gefen gidan Inna, inda aka kai Hidaya.

Ta buɗe baki. Ƙas. Ƙas. Haƙora ne ashe.

"Yarinyar," ta ce. Da muryar Hidaya ta faɗa.

Garzali ya tuna aljihunsa. Ya tallafe bokitin da cinya, ya zaro ledar Ƙasimu, ya yage ta da haƙori, ya juye duka. Gishirin ya taɓa ruwa ya ɓace. Numfashi ɗaya ta yi. Kafaɗa ta fito. Gwiwar hannu ta fito. Wata doguwar ƙafa ta fara laluben laka.

Ya karanto duk addu'ar da ya haddace, harshensa na sarƙewa. Ta dakata, ta yi rawar sanyi, amma ba ta koma ba. Ƙishirwa ta fi ƙarfin tsoronta, shi kuwa ya gane haka, domin shi ma abin da ke ransa ya fi ƙarfin nasa tsoron.

Ya naɗe hannun riga, kamar ranar da ya sa dutsen.

"Ni na kawo ki," ya ce. "Ba ita ba ce. Ni ne. Ki bar min 'yata, ni zan kai ki gida."

Ya yi bisimilla ya tsoma hannu.

Sanyi. Yatsu suka naɗe shi sau biyu, sau uku. Babu zafi. Ji ya yi kawai ana zare wani abu daga cikin ƙasusuwansa, a hankali, kamar ana zare zare daga tsumma. Bakinsa ya koma lami. Gadar da fitilun motoci suka fara juyawa.

Idanun nan suka juyo gare shi a karo na farko. Suka daɗe a kansa.

Ƙafar ta koma. Kafaɗar ta nutse. Kan ya bi.

Ruwan kogi ya dawo da ƙarfi ya buge shi a ƙirji. Da ba don Baba Ɗantani ya cafko wuyan rigarsa ba, da shi da bokitin sun tafi tare. Tsohon ya ja shi kan yashi, ya zaro masa hannu, ya danna murfi ya zauna a kai yana haki.

"Ka yi mata alkawari, na ji da kunnena," ya ce. "Irinsu ba sa mantuwa. Yau Juma'a, motocin kudu suna tashi bayan salla. Tashi, ɗan nan. Kada ka ba kowa saƙo, kai za ka kai ta."

A Kara ya sami Yahuza yana duba tayoyi, an gama lodi. Yahuza ya dube shi jiƙe sharkaf, ya dubi bokitin, ya shaƙi iska, ya ja da baya.

"Injiniya, wannan ba dutsen da na kawo maka ba ne?"

"Shi ne. Mayar da shi zan yi. Don girman Allah kada ka tambaye ni komai."

Yahuza bai tambaya ba. Ya dai ce a gaba ba za a zauna da wannan abin ba. Ya tura aka kawo bulo shida na gishirin lasar shanu, ya jefa masa a baya, ya kira Suwaiba da wayarsa ya ce mata mijinta na tare da shi.

Kwana biyu Garzali ya yi a bayan tirela. Motar da aka cusa wa shanu har ba wurin sa ƙafa, sai ga shi shi kaɗai a fili, don dabbobin sun matse juna sun bar masa zobe, ba wadda ta yarda ƙahonta ya zo kusa da bokitin. Idan ya ji ƙas, sai ya fasa bulo ya jefa. Bulo na shida ya ƙare kafin su bar Ilorin. Daga nan duk ƙas ɗin da ya ji, hannunsa ya miƙa. Bai san sau nawa ba. Ya dai san ya daina gumi, sannan ya daina sanin sunan garuruwa, daga baya ma ya nemi sunan 'yarsa a kansa ya rasa, ya yi ta kuka ba hawaye har sunan ya dawo.

Yahuza ne ya saɓa shi a kafaɗa daga mota zuwa bakin teku, da hantsi, mutane na kallo. A nan ya sauke shi ya koma nesa. Garzali ya ja gwiwa har inda kumfa ke isowa, ya buɗe murfi, ya kifar da bokitin. Dutsen ya mirgina, ba nauyi, kamar busasshen ƙoƙo. Igiyar ruwa ta zo ta rufe shi. Da ta koma, babu komai a kan yashi sai ramin da ya bari.

Can cikin rugugin ruwa ya ji ta sau ɗaya. Ƙas.

A asibiti ya farka, da ruwa ɗaure a hannu biyu. Likitocin can suka ce ba su taɓa ganin mai gishirin jini irin nasa yana numfashi ba. Mako biyu ya yi kafin ya iya hawa mota.

Bai sake haɗa ruwan teku ba. Alhaji da Hajiya sun mutu tun daren da famfo ya tsaya, murjanin ya zama farin dutse. Yanzu 'ya'yan karfasa ne a tankin, Baba Ɗantani ya kawo su a ƙwarya, kuma majalisa ta ce to, yanzu Injiniya ya yi hankali. Ba su san komai ba, bai kuma gaya musu ba. A wuyan hannunsa na dama akwai farin zobe uku da ba sa fita, shi ya sa ko a tsakiyar bazara ba ya naɗe hannun riga. Kuma tun daga bakin kogin nan harshensa bai sake jin gishiri ba. Zaƙi yana ji, ɗaci yana ji, yaji yana ji. Miyar Suwaiba ta dawo yadda take, maƙwabta na yabawa, shi kuwa ruwan zafi yake haɗiya yana gyaɗa kai.

Amma ranar da ya dawo ɗin ce ba ya mantawa. Ya yi sallama a zaure da muryar da ba ta fita sosai. Ya ji ƙarar ƙafa a tsakar gida, gudu, gudu na gaske. Hidaya ta faɗo jikinsa ta ƙanƙame shi tana kuka, har ta jiƙa masa gaban riga. Ya durƙusa, ya share mata hawaye da babban yatsa, ya kai baki.

Bai ji komai ba.

Zuciyarsa ta yanke. Sai da ya tuna harshen waye ya mutu. Ya sake share wani hawayen, ya miƙa wa matarsa yatsan.

"Suwaiba," ya ce. "Ɗanɗana min."

Ta dube shi, ta dubi yarinyar. Ta kama hannunsa da hannu biyu ta kai bakinta.

"Da gishiri?" ya tambaya.

"Da gishiri, Abban Hidaya," ta ce, nata hawayen na zuba. "Zau."